Ƙosai a Kan Mai Doguwar Hula

Ba zan taɓa mantawa ba da fargabar da na fara aikin gidan Baba Alhaji da ita. 'Yata Ummi ce abin tsorona. Lokacin ta fara tafiya ke nan, duk abin da hannunta ya kai sai ya bi ta bakinta, ni kuma ba ni da inda zan bar ta. Baba Alhaji mutumin Kano ne da ya yi ritaya daga wani ofis a Manhattan, yana zaune shi kaɗai a saman benenmu a unguwar Mount Hope. Ni ke masa shara da girki. Ya yarda in riƙa zuwa da yarinyar, da sharaɗin kada ta taɓa masa takardu.

Takardun kuwa tsofaffin mujallun mako-mako ne na Turawa, wasu sun girme shi. Ba labaran ciki suka dame shi ba, zanen barkwanci na wani mutum ɗaya yake bi. Kowane shafi yana cikin ledarsa a kabad. In ransa ya yi fari sai ya ce, "Zo ki gani, 'yata. Dubi yadda ya sa wannan fushi da ɗan layi kawai." Ni da na tsaya a firamare a Kumasi ba na iya karanta rubutun da ke ƙasan zanen, amma ina gane masu tumbin nan da siraran ƙafafunsu, in yi ta dariya. A duk garin nan, shi kaɗai ke tambayata abin da na gani.

Wata Asabar ya ce zai yi baƙo, wani tsohon Bature abokinsa a tara irin waɗannan takardu. Wani ɗan Nijar mai tebur a Canal Street ya samo masa shafin da ya daɗe yana nema, na wani mai doguwar hula da agwagwa ta biyo shi. Ni ban riga na gani ba. Na ce zan soya musu ƙosai, na goya Ummi na tamke zani (har tana kuka, ban sauke ta ba, wai ni mai tsaro).

Da ƙosai ya soyu na nemi abin tsane mai. Akwai takardar goge hannu a kicin, amma 'yar Zongo ce ni, wannan ɓarna ce a wurina. A teburin da ke bakin taga na ga jaridar ranar, kusa da ita kuma wata tsohuwar takarda ta yi ja, gefenta ya cinye, tallar takalmi a jikinta, babu leda. Na yi tunani irin na mai hankali: sabuwar, Baba bai karanta ba, tsohuwar kuwa ta gama aiki. Na shimfiɗa ta a tire na juye ƙosai a kai. Ashe ya kife ta ne ta sha iska saboda warin ajiya.

Ina jin shi a falo yana ɗaga matasan kujera yana cewa, "Yanzu fa na ajiye shi." Na shafa ƙafar Ummi a bayana, ina alfahari. Ko ma mene ne ya ɓata, ba 'yata ba ce.

Na kai musu tire. Baturen ya ci, ya yaba, ya ƙara. Ƙosai na raguwa, mai ya riga ya ratsa takardar ta zama kamar gilashi. Sai ga hula ta bayyana ta ƙarƙashin takalmin. Sai tumbi. Baturen ya ɗaga ƙosan ƙarshe, ga agwagwa ta buɗe baki. Ya riƙe shi a sama, ya kasa ci ya kasa ajiyewa.

Baba ya daɗe yana kallon tiren. Sannan ya ce a hankali, "Ummi ce ta jawo shi ƙasa, ko?"

Hanyar tsira ya ba ni, na sani. Na waiwaya, baiwar Allah tana barci da yatsa a baki.

"Ni ce, Baba. Na ga ta tsufa ne."

"To ai ni ma na tsufa, 'yata," ya ce. "Allah ya sa kada ki tsane mai da ni."

Bai kore ni ba, bai ma ƙara tayar da zancen ba. Sai dai kabad ya samu kwaɗo, kuma daga ranar ban sake jin "zo ki gani" ba. Ina share gefensa, in hango masu tumbina ta gilashi, in wuce. Na ɗaure akuya tamau, ashe mai akuyar ce ke cin shuka.

Yanzu ko rasit zan yar sai na juya bayansa. Don Allah, in kun ci karo da tsohuwar mujalla mai tallar takalmi a baya, ku juya ta. In akwai mai doguwar hula da agwagwa, ku ajiye mini.