Yarima da Dawisu

Allah ya yi mutane a Gusau, amma da ya zo kan Alhaji Attahiru mai katifa, sai ya ƙara auki. Shi ne muke kira Yarima Ba-Gado, don katifa kawai yake sayarwa, sarautar kuma a bakinsa muka ji ta. Mu 'yan majalisarsa ba mu taɓa musa masa ba. Wa zai ja da mai biyan kuɗin shayi?

Da zaɓen shugaban 'yan katifa ya matso, Yarima, da yake yana takara, ya ce lokaci ya yi da jama'a za su ga asalinsa. Ya ɗauko Isah mai hoto, ya cusa mu a mota, muka nufi wata tsohuwar fada a ƙasar Tsafe. Babbar rigarsa ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ba shi a ciki.

A bakin zaure ya ce wa dogari, "A shaida musu ɗan gida ya iso."

Dogari ya nuna masa inda baƙi ke tuɓe takalma. Yarima ya juyo gare mu: "Kun gani? Ɗan gida ba a yi mai sanarwa." Muka ce haka ne, ranka ya daɗe.

Lambun fada kuwa sai wanda ya gani. Lemo da dabino a jere, furanni an aske su kai ɗaya. Duk itacen da muka wuce, kakan Yarima ne ya dasa shi, har da wata gwanda da ba ta shekara ba.

Yana gyara tsayuwa sai wani dawisu ya fito bayansa ya baje wutsiya.

"Ko tsuntsu ya san jini! Isah, ɗauka!"

A ranar nan hoton ya zaga wayoyin Gusau har Bungudu. Kowa na tambaya: dawisun na sayarwa ne? Me yake ci? Wani daga Nahuce ya yi tayi. Mu da muka taya yaɗawa muka kama amsa tambayoyi kan abincin tsuntsu, zancen ƙuri'a kuwa ko tari.

Yarima ya kai ƙara wurin mahaifiyarsa, ya miƙa mata wayar. Inna Saude ta daɗe tana kallo.

"Tubarkalla, halittar Allah," in ji ta. "Amma Attahiru, da ka ɗan matsa gefe."