Goggo Ta Je Zaɓen Birki

Goggo Hansatu ba ta taɓa hawa keke ba, amma duk unguwarsu a Jos babu wanda keke ya hana sakat kamarta. A gindin gangara take suyar ƙosai, daidai inda hanya ta yi kwana. A saman tudun kuwa akwai Malam Sadisu, wanda likita ya ce ya rage tumbi, shi ne ya sayo keken hawan duwatsu na gwanjo. Hawa dai turawa yake yi, yana haki. Saukowar ce tashin hankali, don robar birkin ta cinye. In ya matsa sai ƙara kawai, keke kuwa ko a jikinsa. Ya taɓa kwashe mata bencin masu saye, wata rana kuma ya yi gaba da bokitin ƙullu. Ranar da tayarsa ta daki murhu, kaskon mai ya yi tangal-tangal, Goggo ta tsorata ƙwarai, don saura ƙiris ya kife mata a ƙafa. Ta kashe wuta, ta yafa gyale, ta tasa shi gaba har shagon mai gyaran keke.

Mai shagon ya baje musu birki iri biyu. Ga na waya da aka saba, ga mai faifai wanda ke aiki da mai kamar na mota. Ya ce wannan na biyun da yatsa ɗaya yake tsayar da keke, ko ana ruwan sama. Goggo ba ta gane zancen faifan ba, amma ta ji na ruwan sama, ta ce shi za a ɗaura.

Malam Sadisu ya hau jujjuya kayan yana kawo dalilai. Wai man yana iya tsiyaya, wai gyaransa sai gwani, wai hannunsa bai saba ba. Da ya ga ba ta da niyyar gusawa, sai ya haɗe rai.

"Goggo, ina ganin girmanki, amma keken nan fa nawa ne. Me kika sani a harkar birki da za ki zaɓa min?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara gyalenta.

"Malam, tun da ka sayi keken nan ni ce birkinka. In zan ajiye aiki, ai dole in ga wanda zai gaje ni."