Cirar Wuta-wuta a Lambun Turkawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma 'yan gidan Kawu ba za su bari ba, da ranar da na shiga lambun mutane a ƙasar Turkiyya na kama aikin gona ba wanda ya sa ni.

Shekarar da na gama jami'a ita ce shekarar da Halifa, ɗan Kawu Alhaji Sani, ya gama tasa. Kawu yayan mahaifiyata ne, babban ɗan kasuwar hatsi a Funtua. Ya shirya wa iyalinsa yawon buɗe ido don taya Halifa murna, sai ya aika ƙauyenmu Tsiga aka ce ni ma in zo a yi mini fasfo. Inna ta kwana uku tana bi gida-gida tana ba da labari. Ni kuwa burina ɗaya ne tak: in je in dawo ba wanda ya kira ni ɗan ƙauye. Har wando na saya irin na Halifa, wanda in ka sa shi sai ka yi shawara kafin ka durƙusa. A filin jirgi Hajiya, matar Kawu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce a dai kama kai, can ba Tsiga ba ce.

Na kuwa kama kai, har ya yi yawa. Ɗaki ɗaya aka ba mu da Halifa, amma kunnuwansa kullum a toshe suke da abin jin waƙa. Ƙannensa mata biyu suna hirarsu da Turanci kan mutanen da ban sani ba. In an zauna cin abinci sai in jira in ga wane cokali aka ɗauka. A kan titi ga mutane kamar ƙasa, amma ba mai ce maka sannu. Ranar farko na yi wa wani dattijo sallama a cikin lif, har na fara tambayarsa iyali, ya matsa gefe ya rungume jakarsa. Gaskiya kaɗaici ya dame ni, ban taɓa jin irinsa ba. Gashi watan Agusta ne, na san a gida ana can gona ana maimai, wato noma na biyu, ni ina nan ina kallon gine-gine rataye da jakar Hajiya.

Rana ta biyar aka kai mu wani ƙaton lambu na shaƙatawa. Su Hajiya suka tsaya sayen abin sanyi, ni na ɗan yi gaba. Ina shan kwana sai na yi turus. Gero! Gero sosai, da zangarniyarsa, sai dai ganyensa ja ne, an shuka shi a wani ɗan fili da aka kewaye da igiya (daga baya na ji wai don ado suke shuka shi, Allah mai iko). Na tsaya ina kallonsa kamar na gamu da ɗan unguwarmu, saura kaɗan in gaishe shi.

Sai idona ya sauka gindinsa. Wasu 'yan tsirrai ne masu siririn ganye da fure ruwan hoda sun kewaye shi. Nan take na ce wuta-wuta.

Wanda bai tashi a gona ba ba zai gane ba. Wuta-wuta ciyawa ce da ke maƙale wa saiwar dawa da gero ta tsotse su har su ƙone a tsaye. A wajenmu ba a tambayar gonar waye. Ka gan ta ka cire, ko a gonar wanda ba kwa ga maciji ne, domin in ta zubar da iri har taka sai ta ci. Kuma ba a yar da ita a wurin, ɗauke ta ake yi a kai nesa a ƙone. Baba ya sha ja mini kunne a kan wannan tun ban kai tsayin fartanya ba.

Ban san lokacin da na tsallake igiyar nan ba. Na durƙusa (wandon ya yi ƙara, na ƙyale shi) na shiga cira, ina karkaɗe ƙasa ina tarawa a hammata. Raina fes, har ina tausaya wa Turkawa, mutane da jiragen ƙasa a ƙarƙashin ƙasa amma an bar musu gero a hannun wuta-wuta. In faɗa muku gaskiya, tunda muka sauka ƙasar nan ban ji daɗi irin na waɗannan 'yan mintoci ba.

Usur na fara ji. Na ɗago sai ga mai gadi a guje, bayansa wata dattijuwa mai safar hannu tana ɗora hannu a ka. Mutane sun yi da'ira, kowa ya ɗaga waya. Ni kuma ga ni tsaye da dami a hammata, gwiwoyi duk taɓo. Na fara yi musu bayani da Turancin jami'a cewa taimako nake yi. Halifa ne ya sa wayarsa ta fassara abin da matar ke faɗa: fure ne, ita ta raine shi tun yana iri, wata uku tana ba shi ruwa. Na duba abin da ke hannuna da kyau. Ko ganyen ba iri ɗaya ba ne. Kuma abin da na karanta a jami'a, shekara biyar cur, aikin gona ne.

Hukuncin da ta yanke shi ne in mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Haka na sake durƙusawa ina dasawa, tana tsaye a kaina tana nuna mini da yatsa, 'yan matan Kawu sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Hajiya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ai na faɗa." Kawu kuwa ya tafi can nesa ya zauna a benci kamar bai san ni ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. A motar komawa masauki kujerar da ke kusa da ni ba wanda ya zauna. Sauran kwanakin na yi su ne da ciwon kan ƙarya.

Sai da muka dawo Funtua, zan hau mashin zuwa Tsiga, Kawu ya rako ni bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya waiga ya ga ba kowa, sannan ya rage murya.

"Kai, ni ma tun daga nesa na ɗauka ita ce. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi, shi ya sa na je na zauna a kansa."

Ya juya ya shige gida da sauri. Ashe kwana goma mu biyu ne 'yan Tsiga a tafiyar nan, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Darasin da na koya bai da yawa. Ƙauyanci ba ya fita, sai dai mutum ya iya zama a kan hannunsa, kuma wannan sai an shekara talatin a birni.