Gaisuwar da Ban Yi Niyya Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fitar da 'yan wasan badminton a makarantarmu ta kwana da ke Gumel ba. Ina aji huɗu, gurbi ɗaya ya rage a tawagar da za ta wakilci makaranta, mu biyu muke nemansa: ni da Hansai, 'yar makiyaya daga wajen Sule Tankarkar.

Malama Rabi ce ke koya mana, mace mai haƙuri, Allah Ya saka mata da alheri. Da toka take zana fili, ta tsayar da mu a tsakiya ko raket ɗin buga ƙwallo babu a hannu, sai taku kawai: ƙafar dama gaba a lanƙwasa gwiwa, a dawo tsakiya, a ja gefe kada ƙafa ta haye 'yar'uwarta. Kullum cewa take ƙafa ce ke wasan, hannu rakiya yake yi. Ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne. Hannun da ya saba da taɓarya tun ina 'yar shekara tara, me zai nema wurin ƙafa? (Sai in fake da ciwon ciki in koma gindin dalbejiya, Allah Ya yafe mini.)

Hansai ba ta taɓa fashi ba. In tana taku kamar ba ta taɓa ƙasa. Duk inda 'yar ƙwallon nan mai gashi za ta sauka ta riga ta isa, ta koma tsakiya tana jira, ko haki ba ta yi.

Gwajin da za a yi tsakanina da Hansai ya zo daidai da ranar ziyara. Baffa, yayan mahaifinmu, ya taso tun daga Gagarawa, aka ba shi kujera a bakin fili. Da farko ƙarfin hannu ya rufa mini asiri. Can Hansai ta gano ni. Ta sauke ɗaya dab da raga, na ruga, ta ɗaga ta biyun can bayana. Na ja da baya-baya, ƙafa ta harɗe ƙafa, na tafi tangal-tangal na zube bisa gwiwoyina daidai gaban Baffa, kai a sunkuye.

Bawan Allah bai san kan wasan ba, ya ɗauka gaisuwa na zo yi. Ya gyara zama ya ce, "Lafiya lau, uwata. Ya karatu? Allah Ya yi albarka. Tashi ki ƙarasa, kada ki bar 'yar mutane a tsaye."

Fili ya kaure da dariya, har Malama Rabi sai da ta toshe baki da mayafi. Hansai ce kaɗai ba ta dara ba. Ta zagayo ta ɗaga ni, ta kakkaɓe mini toka, ta ce in ina so mu riƙa yin takun tare bayan la'asar. Ita ta samu gurbin, kuma wallahi ta cancanta.

Baffa ya koma gida yana ba da labarin ladabina, wai ko a tsakiyar wasa ban manta da manya ba. Har Allah Ya karɓi ransa ban iya gyara masa zancen ba.

Tun ranar na gane, abin da ka raina koyonsa a tsaye, a durƙushe za ka koye shi, kuma a gaban jama'a.