Yadda Za Ka Turara Citta da Etilin Okzaid Ba Tare da Ma'aikata Sun Dame Ka Ba

Kana da sito a Kafanchan maƙil da busasshiyar citta, mai saye kuma ya ce ba ya son ganin ƙwaro ko fumfuna? Ka samo tukunyar gas ɗin nan, etilin okzaid, amma ma'aikata sun fara yawan tambaya? Sha kuruminka. Ga matakan da Oga Wilfred, mai sito a bayan tashar jirgin ƙasa, ya gwada da kansa. Ka bi su, tabbas ba mai sake ɗaga maka murya.

1. Kada ka karanta takardar jikin tukunya

Masu rubuta ta matsorata ne. Wai gas ɗin na sa ciwon kai da tashin zuciya, yana kashe yatsu, in an daɗe ana shaƙa yana kawo sankarar jini da ta mama, har da ɓarin ciki. Oga Wilfred ya karanta sau ɗaya, sai ya manna kalandar coci a kai. Tun daga ranar hankalinsa ya kwanta.

2. Ka amince da hancinka

In ba a ji wari ba, lafiya lau. Masana za su ce kafin hanci ya ji gas ɗin an riga an shaƙi abin da ya wuce kima. Rabu da su. Balle a siton citta, inda ko akuya ta mutu sai an kwana uku kafin a gane.

3. Ban da ɓata lokaci

Ƙa'ida ta ce bayan an turara a bar kaya su daɗe suna shan iska. Wace ƙa'ida, ga tirela na jira a bakin titi? A yaye tamfol da sassafe, mata su shiga su fara ɗura buhuna. Kai kuwa ka tsaya can gindin mangwaro kana waya. Babban mutum daga nesa yake duba aiki.

4. Ɗora wa citta laifi

Nan ne gwanintar take. Ido na ruwa? Citta ce. Maƙogwaro na zafi? Citta ce. Dubi yadda Oga ya yi da Endurance, mai ɗinke bakin buhu, wadda ke da cikin wata huɗu bayan shekara shida tana roƙon Allah.

"Oga, kaina yana juya tun safe," in ji ta. "Yatsuna ma ba na jin shi. Anya ba wannan gas ba ne?"

"Haba Endurance! Ke da aka haifa a Kwoi cikin gonar citta? Yajin ne kawai."

Ya sa aka dafa mata shayin citta, daga buhun da aka buɗe da safen nan. Ka lura da kyau: shugaba nagari ba ya rowar magani.

5. In magana ta ƙi ƙarewa, jawo addini

Bayan mako guda Endurance ta dawo, tsoro ƙarara a fuskarta.

"Oga, abeg, ka mayar da ni wajen shanya. Nas ta ce kada na je kusa da wannan abu."

"Ina bangaskiyarki?" in ji Oga. "Ubangiji ne ke tsare ciki, ba nas ba."

Amsa ce mai kyau ƙwarai. Wa zai yi musu da ita, musamman daga bakin dattijon ikilisiya?

6. Kada ka yarda a gayyace ka ciki

A nan Oga Wilfred ya yi sake, don haka ka buɗe kunne. Endurance ta miƙa masa basilla da zare.

"Gaskiya ne, Oga. To mu shiga tare. Awa ɗaya kawai, ka riƙe mini bakin buhu. Ubangiji zai tsare mu duka biyu."

Sauran matan suka daina aiki, suka zuba ido. Oga ya dubi ƙofar siton, wadda rabonsa da tsallaka ta tun ranar da aka sauke tukunyar. Ya dubi wayarsa, ta ƙi yin ƙara. Kunya ta kama shi, amma tsoro ya fi ta ƙarfi.

"Ni ina da hawan jini," ya ce.

"Ni kuma ina da mutum a ciki."

Ta ajiye basilla a ƙasa ta ɗauki jakarta. Mata biyar suka bi bayanta, direban tirela na ta danna hon.

Gargaɗi

Marubucin nan ba likita ba ne, bai taɓa leƙa siton ba, kuma ba shi da niyya. Duk abin da ya sami huhu, jini ko cikin wani sanadiyyar waɗannan matakai, babu ruwansa, kada ma a nemi gidansa. Masu tambayar lafiyar abin da ke cikin Endurance kuma su daina tare shi a hanya. Mako biyar ta yi tana shaƙa kafin ta fita, nas ta ce ta dawo awo ranar Talata, kuma kafin nan ba wanda ya sani.