Gaisuwar Suruki a Bakin Kanal

Wata huɗu na yi ina gyaran tsohon babur ɗin da na sayo a Kano, babba irin na doguwar tafiya. Na sake masa fenti, na rubuta Masha Allah da ajami a kan tankinsa. Bakanike ya ce, "Malam, nauyinsa ya kai na sa, kada ka bi gefen kanal da shi." Na ce ni da na san kowane noti a jikinsa, ba za a koya mini hawansa ba.

Ranar kasuwar Bunkure na sa farar babbar riga, na bi gefen kanal don masu tumatir su gani. Sai ga surukina tafe a ƙasa. Ba a gaida suruki daga kan abin hawa, don haka na taka birki, na sauke ƙafar dama cikin natsuwa. Ashe babu ƙasa a wajen, sai ni da babur muka faɗa cikin kanal.

Da aka tsamo mu daga ruwa, surukina ya ce, "Ɗana, ai durƙusawa ma ta isa."

Alhamdu lillahi, da babur ya bushe, bugu ɗaya ya tashi, har yau shi nake hawa. Amma da na doso, masu ban ruwa sai su ɗaga murya: "A rufe ruwa, Malam zai yi gaisuwa!"