Ɗantasha Ya Rasu a Hannun Nasidi Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, kuma ba ta da niyyar hucewa, Ummuhani 'yar Malam Dikko, mai kek da burodi a bayan tashar jirgi ta Kaura Namoda, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kaura da Shinkafi da Zurmi rasuwar murhunta, wanda aka fi sani da Ɗantasha. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, yana bakin aiki, da wuta a cikinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iyalan mamaci suna roƙon jama'a da a daina cewa tsufa ne ya kashe shi. An ji ana faɗar haka a bakin famfo da wajen masu niƙa. Ba tsufa ba ne. Wanda ya yi ajalinsa yana da suna, yana da shago a layin 'yan walda, kuma za a zo kansa idan an gama ba mamaci haƙƙinsa.

Ba wanda ya san ranar haihuwar marigayin. Abin da aka sani shi ne a jirgin ƙasa ya iso Kaura tun zamanin Turawa, aka sauke shi a gidan wani Bature ma'aikacin reluwe, inda kakan Ummuhani, Bawa, yake kuku. A tasha ya samo sunansa, ba a hali ba, domin bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa cin abin da ba a ba shi ba. Baƙin ƙarfe ne na zubi, gajere mai faɗin ƙirji, da wajen girka tukunya a samansa, da ɗakin gashi a cikinsa, da bututun hayaƙi da ke fita ta rufi. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar wa Bawa shi, tunda ba akwatin da zai ɗauke shi. Bawa ya ɗora shi a amalanke ya kai shi ƙauyensu, gaba da Moriki. Tsofaffi sun ce shanun da suka ja amalanken ba su sake yarda da Bawa ba har suka mutu.

Ya rayu cikin mutunci. Ɗan itacen da murhun duwatsu zai lashe kafin ruwa ya tafasa, shi da shi zai dafa tuwo da miya, ya gasa burodi, ya kuma riƙe ɗumi har la'asar. Bai taɓa sa mace hawayen hayaƙi ba. Ba shi da yawan magana. Idan aka hura shi sai ya ce tas, ya ɗan jira, ya sake cewa tas, kamar dattijo yana miƙe gaɓoɓi. Ƙofar ɗakin gashinsa kan ce ƙiii, kuma yaran gida sun san wannan ƙiii fiye da yadda suka san kiran uwarsu. Da aka aurar da Ummuhani ga Isah, ɗan maƙwabtansu, an tambaye ta abin da take so a kayan ɗaki. Sa'o'inta kwalla da kumbo suka zaɓa. Ita Ɗantasha ta nuna, aka kuwa tara samari suka ɗauke shi ana guɗa, ya riga amarya shiga gidan miji.

Rashin lafiyarsa na farko ya same shi a shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Sun kore shanu, sun kwashe rumbuna, sun tare Isah a hanyar gona bai dawo ba. Ummuhani ta fito da 'ya'yanta da zanen jikinta, ta yo Kaura wajen ƙanwarta Hanifa. Daga baya aka ga alamar cewa ɓarayin sun gwada jan Ɗantasha, sun kai shi bakin ƙofar madafi, suka gaji suka bar shi. A duk garin shi kaɗai ne ya ƙi tashi. Ya zauna nan ba rufi a kansa, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ruwa yana sauka a kansa ba mai goge shi.

Da hanya ta ɗan lafa, Ummuhani ta ce za ta je ta ɗauko shi. Ba wanda bai hana ta ba. Hanifa ta yi kuka, ta ce 'ya'yan nan sun rasa uba, yanzu kuma a kan ƙarfe za su rasa uwa? Ummuhani ta ɗaura ɗamara ta bi wata motar hatsi. Ta same shi ja wur da tsatsa, kamar an kwana ana ƙunsa masa lalle, ciyawa ta fito ta bututunsa, kunama ta yi gida a ɗakin gashinsa. Ba ta dubi kangon ɗakinta ba. Shi ta dafa, ta ce a taya ta ɗagawa.

Jinyar da ta yi masa duk unguwa shaida ce. Ta jiƙa tsamiya ta yi tsami ta wanke shi. Ta bi shi da toka da lemun tsami, ta bi shi da burushin waya, sannan samfefa, lungu-lungu, har faratanta suka tsattsage, har ba ta iya cin tuwo da miyar yaji sai da cokali. Ƙusoshin da suka ƙi motsi ta riƙa ɗiga musu kananzir safe da yamma tana lallashi, ba ta taɓa ɗaga masa guduma ba. Mata suna leƙowa ta katanga suna cewa baiwar Allah ta zautu, tana yi wa gawa wanka. Da jan ya gama fita, baƙin ya bayyana, ta shafe shi da man gyaɗa, ta hura masa 'yar wuta kaɗan, ta bari ya huce, ta sake shafawa, ta sake hurawa, har ya yi ƙyalli kamar goshin jariri. Ranar da ta yi masa cikakkiyar wuta, ta tsuguna tana saurare. Can sai ya ce tas. Hanifa ta ce kukan da Ummuhani ta yi a wannan rana ko ranar gudu ba ta yi irinsa ba.

Daga nan Ɗantasha ya ɗauki nauyin gida. Kek ɗin suna, kek ɗin biki, burodin masu shayi na bakin tasha, duk daga cikinsa suke fitowa. Shi ya mayar da yara makaranta, shi ya yi musu ɗinkin Sallah. Abin da ya rage masa na jinya 'yar tsaga ce kusa da ƙofar ɗakin gashi, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ba ta hana shi komai.

Yanzu an zo kan Nasidi.

Nasidi ɗan Goggo ne, ƙanwar mahaifin Ummuhani, wato taubashinta. Mai walda ne, kuma a ganinsa duk abin da Allah ya yi da ƙarfe an yi shi ne don ya sa masa wuta. Yakan shigo gidan da wasan taubasai, ya ɗauki kek mai zafi ba tambaya. Wata rana yana tauna ya hango tsagar.

"Taubashiya, mi kike jira da wanga? Kawo shi shago, kafin ki fasa ƙwai na ɗinke shi."

"Nasidi, ci kek ɗinka ka tashi," in ji Ummuhani. "Wanga ba ƙyauren shago ba ne. Ƙarfen zubi ba ya son a firgita shi. Ko da wasa kada ka taɓa min shi."

Ya yi dariya ya ƙara ɗaukar kek. Ta faɗa masa a gaban Hanifa, ta sake faɗa masa a zaure. Ana so a riƙe wannan, domin yanzu yana yawo yana cewa ba a hana shi ba.

Sai suna ya kama ta a Zurmi, ta tafi. Tana juya baya Nasidi ya zo da kurar turawa da majiya ƙarfi, ya ce wa Hanifa sun yi waya da Yaya, ta ce a ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya faru a shago kuwa, Ɗanasabe mai faci, wanda rumfarsa ke jikin shagon, ya gani da idonsa, kuma ya ce a shirye yake ya maimaita a gaban kowa. Nasidi ya ɗora wa marigayin wutar walda a jiki mai sanyi, ba ɗumamawa ba lallashi. Wurin ya yi ja. Ana cikin haka aka ce an fara ƙwallo a gidan kallo, sai ya ɗauki bokitin ruwan randa ya sheƙa masa don ya huce da wuri. Ɗanasabe ya ce ya ji wani sauti siriri, kamar an taka ƙwai, ya kuma ga Nasidi ya tsaya cak. Nasidi ya sani. Tun a lokacin ya sani. Maimakon ya zo ya durƙusa ya faɗi gaskiya, sai ya samo abin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, ya shafe sabuwar tsagar, ya bi Ɗantasha tun daga sama har ƙasa da shuɗin fenti.

Ummuhani ta dawo ta tarar da shi a madafi, shuɗi shar kamar robar wanki. Baƙin da ta zubar da jinin yatsunta ta fito da shi, babu. Nasidi yana tsaye yana washe baki, wai ya yi mata shi amarya. Ta juya masa baya, don in ta biye masa a ranar da zumunci bai kwana ba. Ga kuma aiki a gabanta, kek ɗin bikin Rahma, 'yar maƙwabta, an riga an kawo fulawa da sukari.

Ranar Asabar ta hura shi. Ta jira tas, bai ce ba. Sai wani hayaƙi mai ɗaci ya tashi daga fentin ya cika gida, yara suka fita suna tari. A karo na farko a rayuwarsa Ɗantasha ya sa mace hawayen hayaƙi, kuma ba laifinsa ba ne. Ta jera kek a cikinsa, ta rufe ƙofa. Ya yi ta fama, ya yi ta fama, kamar mai jin kunyar ya faɗi a gaban baƙi. Sannan ya ce ƙaras, sau ɗaya. Ya rabe biyu tun daga ƙofa har gindin bututu. Garwashi ya zubo ya ci gefen zanenta ya ƙona mata ƙafa, kek ɗin amarya ya kife cikin toka. Ƙaras ɗin nan ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Aka kira Nasidi. Ya zo ya duba, ya sosa ƙeya, ga abin da ya ce, kuma mutum bakwai sun ji:

"Haba taubashiya, ƙarfe ne hwa, ba mutum ba. Kwananshi ne ya ƙare. In kina so in kira miki 'yan gwangwan, shina da nauyi, za su saye shi da daraja."

Tun daga ranar ake ta zuwa ba Ummuhani haƙuri. Goggo ta zo da kanta da sandarta, ta ce ɗiyata, ki dubi zumunci, taubashi ba ya laifi. Ummuhani tana girmama Goggo, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata fura. Amma tana so a sani cewa haƙuri ba baƙonta ba ne. Waɗanda suka tare Isah ba ta san sunansu ba, ba ta san ƙofar gidansu ba, ba ta san ko suna raye ba. An ce ta bar wa Allah, ta bar wa Allah, domin ba inda za ta kai ƙara. Wannan karon ta san suna, ta san uwa, ta san shago, ta san lokacin da ake buɗe shi. Wasan taubasai tsakaninta da Nasidi ya mutu tare da marigayi. Daga yau in ya yi mata wasa, zagi ne, kuma za a amsa masa da irinsa.

Marigayin ya bar Ummuhani da 'ya'yanta, waɗanda yanzu ba a san abin da zai ciyar da su ba. Ya bar Hanifa, wadda ta rantse ba za ta sake yarda da maganar namiji ba sai ta ji daga bakin mai abu. Ya bar gwangwanayen gashin kek a kife, da tukunyar miya da ta ƙi zama daidai a kan duwatsu, da wata tsohuwar kyanwa da har yau take zuwa ta kwanta a inda yake. Ya bar masu shayin bakin tasha suna sayar da burodin kanti, masu saye suna tambaya ko lafiya. Ya bar amarya Rahma, wadda aka yi bikinta da cincin kaɗai.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, domin an tambayi Liman ya ce ƙarfe ba shi da hisabi, hisabi yana kan mai rai. Ranar kasuwar Kaura mai zuwa, da hantsi, lokacin da hanya ta fi cika, za a ɗauki gawa a kura daga gidan Hanifa, matan unguwa na biye. Za a bi ta bakin tasha domin ya yi sallama da inda ya sauka, sannan a miƙe layin 'yan walda a shimfiɗe shi a ƙofar shagon Nasidi, ba lulluɓi, tsagar tana kallon titi. A nan za a karɓi gaisuwa har magariba. Ana gayyatar kowa, musamman duk mai shirin kai ƙofa ko taga ko gadon ƙarfe walda, da direbobin Shinkafi da Zurmi, da dangin yarinyar da aka ji Nasidi yana nema a Kurya Madaro, su zo su ga aikin hannun surukinsu. Ɗanasabe zai kasance a wurin domin masu tambaya. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu.

Bayan magariba za a mayar da shi gida a binne shi a gindin dalbejiyar tsakar gida. Sai dai ƙafarsa ɗaya ta gaba, wadda ta ɓalle wajen ɗauke shi daga madafi, ita ba za a binne ta ba. Ummuhani ta gwada ta, ta ce daidai hannunta take, ta ajiye ta a bayan ƙyaure. An ji Nasidi yana cewa zai shigo gida gaisuwa. Ana yi masa maraba.